Wasan kacici-kacici a shafin darasi: ta ina ake farawa?

"Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare, kuma ina da shafin intanet da aka gina min da WordPress, inda nake rubuta bayanin darussan bayoloji da Hausa don 'yan aji huɗu zuwa shida. Ana shigowa, amma ba a daɗewa, kuma ba na jin ana dawowa. An ba ni shawarar in sa wasannin tambaya da amsa. Da gaske suna riƙe mutane? Wace manhaja ta dace da ni, ganin ban iya rubuta lambobin kwamfuta ba, kuma ba ni da kuɗin biyan wata-wata?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, don bayanin kimiyya da Hausa abu ne da yaranmu ke ƙishirwarsa. Abu biyu kika tambaya: ko wasan na riƙe mutane, da kuma kayan aikin da za ki ɗauka. Na farko, e, yana riƙewa. Na biyu, tunda WordPress gare ki, H5P zan nuna miki, wata manhajar gina wasannin tambaya a cikin shafi, kuma kyauta ne. Sai dai akwai na uku da ba ki tambaya ba, wanda kuma shi ne zai ci miki lokaci: rubuta tambayoyin da bayanin da ke biyo bayan kowace amsa. Saka manhajar aikin yini ɗaya ne. A duk shafukan makarantu da na yi wa irin wannan aiki, inda wasan ya karɓu da inda ya mutu, tambayoyin ne suka raba su.

Tun farko ki raba daɗewa da amfana. Akwai shafukan da ke sa kowace tambaya a shafi daban, don a sake loda talla duk sanda mutum ya danna "gaba". A lissafi mutum ya daɗe, amma datarsa ta ƙone, kuma bai ƙaru da komai ba. Ke malama ce, abin da kike so shi ne yaro ya fita da abin da bai shigo da shi ba, kuma ya dawo mako mai zuwa da ƙafarsa.

Me ya sa tambaya ke kama mutum

Mai karanta bayani yana iya bin layi da ido zuciyarsa na wani wuri. Da zarar an tambaye shi, dole ya tsaya ya lalubo abin da ke kansa, kuma wannan lalube shi ke kafa ilimi. A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuwa suka karanta a zama ɗaya, sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juye: waɗanda aka yi ta gwadawa sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Kuma masu maimaitawar ne suka fi tabbacin cewa za su tuna.

Ki lura, a wannan bincike ɗalibai sun rubuto abin da suka tuna ne da ka, ba zaɓi aka jera musu ba. Tambaya mai zaɓi tana da nata amfanin, tana kuma da haɗari: yaro ya zaɓi amsar da ba daidai ba, ba wanda ya gyara masa, sai ta zauna masa a kai kamar gaskiya. Roediger ɗin nan da Elizabeth Marsh sun nuna haka a 2005, sannan shi da Andrew Butler suka nuna a 2008 cewa gaya wa ɗalibi amsar daidai bayan ya amsa yana rage wannan ɓarna ƙwarai. Mu da muka yi kacici-kacici a dandali mun san tsarin: in ka kasa, sai ka ba da gari, a karɓa, a faɗa maka amsa. Ba a tashi a bar ka cikin duhu. Wasan da zai nuna wa yaro "ka ci 4 cikin 10" ya yi shiru, ya karɓi gari ne ya hana amsa, kuma irinsa ne ya fi yawa a intanet.

Rubuta tambayar

A nan kin fi duk wani mai gina shafi, don kina da abin da ba shi da shi: takardun jarrabawar ɗalibanki da kika yi maki. Kurakuran da suke maimaitawa shekara da shekaru su ne za su zama zaɓin ruɗu. Tambayar da aka ce "me ke kawo zazzaɓin cizon sauro?" aka jera sauro, akuya da ƙuda, ba ta gwada kowa ba. Amma in kika jera daɗewa a rana, cizon kowane irin sauro, da ƙwayar Plasmodium da macen sauron Anopheles ke ɗauka, kin taɓo abin da yaro ya ji a gida da abin da ya ji rabi-rabi a aji, dole ya yi tunani.

Bari in ba ki misali cikakke. Tambaya: "Busasshen itacen da ake girki da shi, daga ina bishiya ta samo mafi yawan abin da ta gina shi?" Zaɓi: daga ƙasa, daga iska, daga taki. Yara da yawa, har da manya, ƙasa za su zaɓa. To ga abin da ya kamata ya fito wa wanda ya zaɓi ƙasa: "Kusan kowa haka yake zato. A ƙarni na 17 wani masani, Jan Baptist van Helmont, ya shuka bishiya a tukunya, ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Bishiyar ta ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar tukunyar kuwa ba ta ragu da abin da ya wuce giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai sirrin. Daga baya aka gano ganye na jawo iskar carbon dioxide, ya haɗa ta da ruwa da taimakon hasken rana, ya gina jikin bishiya." A ƙarƙashi ki sa mahaɗin da zai kai shi darasinki na yadda tsiro ke haɗa abincinsa. Yaron da ya faɗi wannan tambaya ya fi wanda ya ci ta riba, kuma shi ne zai danna ya karanta darasin. Ta nan wasan ke mayar da mutane cikin shafinki, abin da kike nema tun farko.

Ba sai zaɓi ya kai huɗu ba. Michael Rodriguez ya tattara binciken shekaru 80 a kan wannan, ya wallafa a 2005, ya ga zaɓi uku sun wadatar a mafi yawan lokuta, don na huɗun galibi cike gurbi ne da ba mai zaɓarsa. In kina da ruɗu biyu masu ƙarfi, ki tsaya nan. Inda za ki riƙe huɗu shi ne atisayen JAMB, saboda yaro ya saba da siffar abin da zai tarar.

Akwai ƙofofin da amsa ke tona kanta. Amsar daidai takan fi sauran tsawo, don mai rubutu ya fi kula da ita, yara kuma sun gane haka tuntuni. "Duk na sama daidai ne" takan zama ita ce amsa. Sannan akwai wadda ta shafi Hausa kai tsaye, wato jinsi. In kika ce "wace ce ke tura jini zuwa sassan jiki?" kika jera huhu, ciki da zuciya, nahawu ya amsa kafin bayoloji, don zuciya ce kaɗai mace a cikinsu. Sai ki ce "wane sashe na jiki ne", ko ki daidaita jinsin zaɓin. Tambayar korewa, irin "wanne ne ba ya cikin...", ki rage ta, don a ƙaramar fuskar waya ido na tsallake "ba".

Game da harshe, ɗalibanki da Turanci za su rubuta WAEC da NECO da JAMB. Ki yi tambaya da bayani da Hausa, amma sunan abu na kimiyya ki bar shi yadda zai gan shi a takardar jarrabawa, ki bayyana shi a gefe. In kin so ki nemi taimakon manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen tsara daftari, babu laifi, sai dai kada tambaya ɗaya ta hau shafi ba ki tantance ta da littafi ba. Suna kawo amsar kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma ba su san kurakuran 'yan ajinki ba.

Kayan aiki

Google Forms ya fi komai sauƙi. Tun 2016 yana da tsarin jarrabawa mai yin maki da kansa, ana rubuta bayanin amsa, kuma ana iya saƙa shi cikin shafi. Rauninsa shi ne sai mutum ya gama duka ya tura kafin ya ga sakamako, don haka ya fi kama da jarrabawa fiye da wasa. Amfaninsa babba a wurina shi ne gwaji: yana nuna miki tambayoyin da aka fi faɗi da zaɓin da aka fi ɗauka.

Kahoot, wanda ya fito daga Norway a 2013, an gina shi ne don aji: malami na haska tambaya a bango, yara na amsawa a tare, ana tsere. Yana da daɗi in akwai wuta da majigi da wayoyi. Ga yaron da ya shigo shafinki shi kaɗai bayan isha'i, fitar da shi zai yi zuwa wani gida, kuma tsarinsa na kyauta yana da iyakoki.

H5P shi ma daga Norway yake. Ƙari ne da ake sakawa cikin WordPress ko Moodle ko Drupal, wasan kuma yana zama a cikin shafinki. Kada ki rikita shi da H5P.com, wanda ake biya. Ki shiga wurin ƙare-ƙaren WordPress, ki nemi H5P, ki saka. Sharaɗi ɗaya: in shafin naki yana kan tsarin kyauta na WordPress.com, ba a saka ƙari a can, sai ki tambayi wanda ya gina miki inda shafin yake zaune. Nau'in da za ki fara da shi suna kiransa Question Set. Yana ba ki damar rubuta bayani daban ga kowane zaɓi, ya cuɗa jerin amsoshi, ya kuma ɗebo tambaya biyar ko goma daga rumbun da kika tara, yadda wanda ya sake wasan ba zai tarar da abu ɗaya ba. Rubutun maɓallan ma ana canza shi, sai ki mayar da su "Duba amsa", "Gaba", "Sake gwadawa". In kin gama zai ba ki wata 'yar gajeriyar lamba ki liƙa a cikin darasi. Abin da ba ya yi shi ne adana amsoshin baƙin da ba su yi rajista ba. In kina son wannan, wani ƙarin WordPress mai suna Quiz and Survey Master yana ajiye sakamako, kuma yana da sigar kyauta.

Wasan da aka rubuta da hannu da lambobin kwamfuta na JavaScript ya fi duka sauƙin nauyi, don tambaya goma na rubutu zalla ba su kai nauyin hoto ɗaya ba. Amma wannan sai wasan ya kafu, kin san abin da kike so, sannan ki nemi mai yi miki.

Wayar da yaro zai riƙe

Ke a kwamfuta za ki gina, shi kuwa a Itel ko Tecno zai buɗe, wataƙila ta yayansa, da ragowar data da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Ki gwada a irin wannan waya kafin ki sanar da kowa. Ki buɗe da Chrome, ki kuma buɗe da Opera Mini, domin a tsarinsa na matse data sosai kwamfutocin kamfanin ne ke sarrafa shafin kafin ya iso waya, wasanni da yawa kan sandare a nan. In haka ta faru, layi ɗaya a saman wasan ya isa: "In bai buɗe ba, gwada da Chrome."

Wasan ja-ka-ajiye, inda ake jan suna a ɗora kan hoton zuciya ko fure, yana da kyau a babban allo, amma a ƙaramar waya yatsa na rufe abin da ake ja. Ki fi yawaita na taɓawa. Hotuna ki matse su, kowanne kada ya wuce kilobayit 100 in zai yiwu. Wasa ɗaya a shafi ɗaya, a ƙarshen darasi. Wani abin da H5P ya yi daidai shi ne yana sauke tambayoyin gaba ɗaya tun farko, don haka in sabis ya ɗauke a tsakiya, yaro na iya ƙarasawa, in dai ba bidiyo a ciki.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Yawancin yara ba su da ƙ da ɗ da ɓ a madannan wayarsu. In kika yi tambayar cike gurbi amsarta "ƙoda", yaro ya rubuta "koda", kwamfuta za ta ce ya faɗi alhali ya sani, kuma ba abin da ke kashe gwiwa kamar wannan. A H5P ana rubuta amsoshin da za a karɓa a raba su da karkatacciyar sanda (/), sai ki sa duka biyun. In kina da masu karatu daga Maraɗi ko Damagaram, ki tuna a Nijar ƴ ake rubutawa inda mu muke rubuta 'y. Ki kuma duba ko salon rubutun shafinki yana nuna waɗannan haruffa daidai. In suna fitowa kamar akwati ko sun bambanta da sauran, Noto Sans ko Andika za su warware miki.

Yadda za su dawo

A Disambar 2013 jaridar New York Times ta saka wani wasa mai tambayar Amurkawa yadda suke kiran abubuwa, ya nuna musu a taswira yankin da maganarsu ta fito. Kwanaki kaɗan suka rage shekara ta ƙare, amma ya zama abin da aka fi buɗewa a shafinsu a duk shekarar, saboda kowa na son tura sakamakonsa ga wani. Wordle, wasan gano kalma wanda Josh Wardle ya saki a 2021 jaridar ta saye shi a Janairun 2022, wasa ɗaya tak yake bayarwa a rana, ana gamawa cikin 'yan mintuna, gobe a dawo. Abu biyu za ki ɗauka a nan: gajarta da ƙayyadadden lokaci, da kuma sauƙin turawa.

Tambaya biyar zuwa bakwai sun isa wasa guda. Ki tsayar da rana, misali kowace Asabar da safe, kada ki saɓa. Ki sa maɓallin tura wa aboki ta WhatsApp a ƙarshen wasan, don a can ɗalibanki suke. A kowane sabon wasa ki cusa tambaya biyu daga darussan makonnin baya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya.

Agogo kada ki sa shi a wasan koyo, yana hana yaro karanta bayani. Ki ware masa wuri daban, wato atisayen JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015: tambaya 180 cikin awa biyu, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wannan saurin yana buƙatar sabo, kuma yaron da bai taɓa amsa tambaya a allo ba zai gode miki.

Jerin gwanaye da kyautar katin waya, ni ba na ba da shawararsu a farko. Jerin yana faranta wa 'yan saman aji, ya kori waɗanda suka fi buƙatar shafin. Kyauta kuwa tana jawo masu neman kati, kuma a H5P da ire-irensa amsoshin na cikin abin da waya ta sauke, wanda ya san hanya zai leƙa ya gani. Gasa mai kyauta sai an yi makin a can kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Ga kuma doka: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce kafin a karɓi bayanan wanda bai kai shekara 18 ba bisa amincewa, sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. Ɗalibanki galibi ba su kai ba. Hanya mafi aminci ita ce kada ki nemi suna, lambar waya ko imel ko kaɗan. In wata rana kika so yin rajista, ki nemi shawarar lauya, wannan ba fagena ba ne.

Abin da za ki duba, da abin da wasan ba zai yi ba

In kina amfani da Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu ziyartar shafi, ki sani ziyarar da ta wuce daƙiƙa goma ma yana lissafa ta a matsayin wadda aka mai da hankali, don haka wannan adadi zai yi kyau ko da ba a koyi komai ba. Ki fi kula da yawan masu dawowa, da kuma ko ana danna mahaɗan da ke cikin bayanin amsa. Tambayar da kusan kowa ya ci, ki mayar da ita ta farko don ƙarfafa gwiwa. Wadda gwanayen ajinki ke faɗi alhali raunana na ci, ki sake duba ta, galibi akwai ruɗani a lafazin ko kuskure a amsar da aka saita.

Wasan ba zai kawo miki sababbin baƙi daga Google shi kaɗai ba, rubutun darasin ne injin bincike ya fi gani, saboda haka kada ki rage rubutu don kin sa wasa. Kuma zaɓi ba ya gwada zanen ƙwayar halitta, ko bayanin yadda jini ke zagayawa da kalmomin yaro, alhali WAEC da NECO suna da takardar rubutu da ta aikin gwaji. Don cike wannan giɓi, a ƙarshen kowane wasa ki ajiye tambaya ɗaya ta rubutu, ki ce ya amsa a littafinsa kafin ya danna ya ga amsarki.

Ban ga alƙaluman shafinki ba, amma ke kina iya ganinsu: ki duba darasin da aka fi karantawa, ki fara da shi. Ki rubuta masa tambaya bakwai daga kurakuran zangon da ya wuce, ki gwada su a kan 'yan ajinki da Google Forms ko ma a takarda, ki zubar da biyun da ba su yi aiki ba, sauran biyar ɗin ki hau da su H5P. Sannan ki miƙa wa ɗalibi ɗaya waya, ki zauna gefensa ba tare da kin ce komai ba, ki rubuta duk inda ya tsaya yana neman abin da zai danna, ki gyara wuraren kafin ki tura wa sauran.